Ni Na Ba Ƙanena Haɗin da Ya Kashe Ragon Gwaggo

Assalamu alaikum Tanti mai wannan shafi, da ku 'yan uwa masu karatu. Ina fata kun yi Salla lafiya, Allah ya maimaita mana. Don girman Allah Tanti ki ɓoye sunana da lambata. Ko sunan garinmu ba zan faɗa ba, ku dai sani muna cikin karkarar Guci. Ina roƙonku kada ku yi saurin yanke min hukunci sai kun kai ƙarshe. In kun kai kuka ga na cancanci zagi, ku zaga, amma ku haɗa min da shawara, don ranar Juma'ar nan ake jirana.

Ni mace ce mai shekara talatin da takwas, da aurena da 'ya'yana biyar, kuma sana'ata kiwon turke. In sayi ramammen rago wanda kowa ya raina a kasuwa, in ɗaure shi wata huɗu ko biyar, in fito da shi gab da layya dillalai suna rububinsa. A wurin Innarmu na gada, Allah ya jiƙanta. Ita ta koya min duba haƙori da ido, da yadda ake danna kwiɓin dabba a san abin da ke cikinta, da yawan kanwar da ake sa wa dusa, da lokacin da ake ba da tunkuzar gyaɗa da lokacin da ake ɗauke ta. Tun ina 'yar shekara tara hannuna ke cikin wannan aiki. A babban yatsana na hagu akwai tabon ƙahon wani rago Balami, ku riƙe wannan tabon, zai dawo.

Ina da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, zan kira shi Habu ko da yake ba sunansa ba ne. Ni na goya shi a bayana. Ya yi lakkwal, wato boko, a Magarya bai ƙare ba, ya tafi cin-rani Najeriya, ya dawo ba shi da komai sai ƙatuwar wayar salula da baki. Baki kam Allah ya ba shi, Habu zai iya sayar maka da takalmin da ke ƙafarka. Amma kiwo? Wallahi ko harawar wake da ta gyaɗa bai iya bambancewa ba. Wata rana ya shigo ina haɗa wa ragunana dusa, ya ɗauki hoton hannuna mai motsi yana ta surutu a kai, ya saka a waya. Kwana uku sai ga shi a guje yana cewa, "Yaya, mutane sun haukace, har daga Damagaram da Kano ake tambaya!" Maigidana ya ce shi bai yarda a nuna fuskata ko a ji muryata ba, hannu dai ba laifi. Ni ma ban damu ba. Nan Habu ya buɗe shafi ya raɗa wa kansa suna Sarkin Turke.

Ga yadda muke yi. Ya zo da hantsi ya zauna a kan turmina, ya kunna abin ɗaukar murya, ya karanto min tambayoyin mutane. Wani ragonsa na zawo, wani tunkiyarsa ta ƙi cin abinci, wani yana son sanin ragon da zai saya. Ina aikina ina ba shi amsa. Ya tafi ya haddace kamar karatun allo, da la'asar ya dawo cikin shadda da hula, ya tsaya kusa da ragona ya zuba wa duniya maganata kamar daga cikinsa ta fito. Kullum abin da yake ce min shi ne, "Yaya, yanzu suna shi ne jari. In sunan nan ya kafu, namu ne mu biyu." Sunan kuwa ya kafu. Masu sayar da dusa da maganin dabbobi suka fara biyansa yana yi musu talla. Dillalan kasuwar Mallawa suna ba shi na goro ya tsaya da ragunansu a hoto. Ya buɗe wani rukuni na musamman, sai ka tura kuɗi ta waya a saka ka, a nan yake ba da abin da yake kira sirrin kiwo. Ya sayi babur sabo fil. Ni kuma in Salla ta zo ya kawo min turmin atamfa da sukari. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Amma Allah ne shaidata ban taɓa cewa ya ba ni kaso ba, ƙanena ne, in ya samu ni na samu.

To me ya kawo mu nan? Wata rana yana magana da mutane kai tsaye a tsakar gidana, ni ina tsugune gefen ƙafarsa ina cuɗa dusa, hannuna kaɗai ke fitowa. Sai wani ya rubuto tambaya, shi kuma ya karanta da ƙarfi: "Sarki, wai hannun wa muke gani kullum mai lalle da tabo a yatsa?" Murna ta kama ni. Na ce yau dai zai ce yayata ce, ko ya ce 'yar malamar da ta koya mana ce. Sai na ji ya yi dariya ya ce, "Wata baiwar Allah ce da ke kwashe mana kashin tumaki, muna ɗan taimaka mata." Bai tsaya nan ba. Ya ce, "Kun san kiwon matan gida, kiwon lalube ne. Ni sai da na je na yi formasiyo wajen masana kafin in fara." Jama'a, ina tsugune a ƙafarsa fa! A gidana, gaban ragon da na yi wata huɗu ina tashi da asuba saboda shi. Wane formasiyo, wane horo? A ina? Innarmu da ta mutu da kantar aiki a tafin hannu, ita ce mai lalube?

Da ya kashe wayar na ce, "Habu, ni ce mai kwasar kashi?" Ya ce, "Haba Yaya, ke ma dai. Harka ce fa. Me za ki yi da suna kina cikin gida? Mutane ba sa biyan kuɗi don su ji maganar mace mai dusa a hannu." Na ce to na ji, ni ka bar ni, amma ko sau ɗaya ka fito ka ce Innarmu ce tushen abin nan, mutane su yi mata addu'a. Ya kaɗa makullin babur ya ce, "Zai ɓata min tsari." Tsari! Kafin sati maganar ta zaga gari, don kowa ya san tabon yatsana. Na je suna, wata ta ɗaga murya ta ce a matsa wa mai kwasar kashin Sarki ta zauna. Aka yi shewa, ni ma na yi dariya. Amma tun daga ranar na ɗaure abin a zuciyata kamar yadda nake ɗaure rago, ina ba shi abinci kullum yana ƙiba. Na ci gaba da ba Habu amsa, ina yi masa fara'a, ina zuba masa fura. Mai kiwo ya iya jira.

Ana saura sati biyu layya ya zo ya zauna a kan turmi. Bana kun san yadda harawa ta yi tsada, ragunan mutane duk sun rame. Ya ce, "Yaya, 'yan rukuni sun dame ni, suna son haɗin da zai cika rago cikin kwana goma. In na ba su wannan, na gama da kowa." Amsar gaskiya ita ce babu wannan haɗin a duniya. Hatsi da ɗan tafi ake fara ba rago, bayan ya ci harawa, da kanwa a ciki, a riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan. Duk 'yar da ta tashi a gidan kiwo ta san haka. Na buɗe baki zan faɗa, sai na ga yana gyara hularsa a gilashin wayar, ko kallona ba ya yi. Sai na ji bakina yana faɗin wani abu dabam. Ba zan rubuta shi duka a nan ba don kada wani ya gwada. Na dai juya komai: na ce a bar ragon da yunwa, na ce a tula masa jiƙaƙƙen hatsi lokaci guda, na cire harawar, na cire kanwar. Na ce masa wannan sirrin Inna ne da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Astagfirullah, har da sunanta na haɗa.

A lokacin akwai wani ƙaton Balami da wani dillalin Mallawa ya ba shi aro yana hoto da shi. Na ce, "Ka fara gwadawa a kan naka." Abin da na shirya a raina shi ne cikin ragon ya kumbura, dillali ya zo ya ci kwalar Sarkin Turke, shi kuma ya rugo ya durƙusa min gaban mutane, in tashi in ceci ragon kowa na gani, a san wane ne mai kwasar kashi. Haka nake gaya wa kaina. Amma tun da na zo neman shawara bari in faɗi gaskiya. Yaushe Habu ya taɓa gwada wani abu? Yaushe ya taɓa zuba wa dabba ko ruwa? Na sani sarai daga turmina sai cikin wayarsa. Na sani, kuma na bar shi ya tafi. Kafin azahar ya saka a rukuni, 'yan rukuni kuma suka yi ta tura wa 'yan uwansu.

Kwana biyu aka fara kuka. Daga garinmu, daga ƙauyukan gefe, har daga wajen Sassumbrum aka ce an kira shi ana zagi. Wasu ragunan sun tashi, wasu an yanka su kafin su zama mushe. Masu talla suka janye, dillali ya zo ya kwance Balaminsa, mutane suka cika shafinsa da Allah ya isa. Habu ya kulle kansa a ɗaki. Ku tambaye ni me na ji. Daɗi na ji! Wallahi daɗi na ji, har tuwo na ƙara a ranar. Na ce yau ina formasiyon? Ina masanan? Su zo su cece ka mana.

Rana ta uku da hantsi aka turo amalanke ƙofar gidana, Gwaggo Lami na biye da shi ba ko takalmi. Gwaggo Lami ba 'yar uwarmu ta jini ba ce, ungozomar garinmu ce. Ita ta karɓi haihuwata duka biyar, ita ta zauna da ni kwana bakwai lokacin da Inna ta rasu. Tsohuwa ce, mijinta ya daɗe da mutuwa, kuma tun da take ba ta taɓa yin layya da abin kanta ba. Shekara biyu da suka wuce wani Bafillace ya ba ta ɗan rago saboda ta ceci matarsa a naƙuda, ta raine shi kamar ɗa, da ƙaiƙayi da ɗiyan gawo da take tsintowa. Duk wanda ta gani sai ta ce bana ita ma za ta yi layya kafin ta mutu. Ba ta da waya. Matar ɗanta ce ta kunna mata muryar Habu, ita kuma ta ce ai ɗan gidan marigayiya ne, ba zai faɗi abin banza ba. Ta kwashe hatsin da take ci ta jiƙa wa ragon.

Ta kama hannuna ta ce, "Ɗiyata, ki taimake ni, ke kaɗai kika gaji uwarki." Na duba ragon, cikinsa kamar ganga, idonsa ya juye. Na ɗura masa ruwan kanwa, na ɗura man gyaɗa, na tayar da shi na murza cikin, na yi duk abin da na sani. An makara. Da azahar maigidana ya ce a kawo wuƙa. Saura kwana goma sha ɗaya Salla aka yanka ragon Gwaggo a tsakar gidana, ya zama nama kawai. Ba ta yi kururuwa ba. Ta zauna a ƙasa ta dafa kansa, ta ce, "Allah ya isa tsakanina da duk wanda maganar nan ta fito daga bakinsa." Matan da ke wurin suka ce amin. Ta juyo ta dube ni, ni ma na ce amin. Da yamma ta aiko min da cinya guda, wai ladan wahalar da na sha. Na ce zan ba ta ɗaya daga cikin ragunana ta yi layyarta, ta ce a'a, ita abin da ta kiwata da hannunta take so ta kai gaban Allah. Ranar Salla tana zaune a ƙofar ɗakinta ana kawo mata na sadaka kamar kowace shekara.

Bayan Salla da kwana biyu Habu ya shigo, ya rame, ba hula. Ya tsaya inda ya saba tsayawa ya ce, "Yaya, kin san abin da kika ba ni." Na ce me na ba ka? Ya ce, "Muryarki na cikin salulata. In na kunna wa mutane, kin san abin da zai faru." Na aje muciya na ce, "To kunna mana. Amma ka kunna duka, tun daga ta farko. Muryata ta shekara biyu na cikin wayar nan. Ka kunna su ji wanda ya yi formasiyo da wadda ke kwasar kashi." Ya daɗe yana kallon turmin nan. Sannan ya ce, "Ni na yi miki laifi, na sani. Amma Gwaggo me ta yi miki?" Ya fita. Har yau bai kunna ba, kuma ban sani ba ko rufa min asiri yake yi, ko nasa yake rufawa. In ya tona ni ya tona kansa, don gara a ce Sarkin Turke ya yi kuskure sau ɗaya da a ce bai taɓa sanin komai ba. Wani lokacin kuma in tuna yaron da na goya, in ce wataƙila kunyata yake ji. Wannan tunanin ya fi ƙona min rai, don ba na son ya fi ni kirki.

Ga abin da ya ƙara dagula min lissafi. Ragunan da aka kawo min da wuri na ceci da yawa, sai labari ya bazu cewa ashe mai tabon yatsa ita ce mai ilimin. Maigidana da kansa ya ce tun da abin taimako ne, in buɗe nawa shafin, hannu da murya. Na buɗe. Mutanen da suka gudu daga wurin Habu suna ta shigowa, suna sa min albarka, mai sayar da dusar da ke ba shi talla har ya aiko a tambayi sharaɗina. Abin da na yi shekara biyu ina so ke nan, a san ni, a san Inna. Ga shi ya zo, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, ina so. In na ga an rubuta "Allah ya jiƙan mahaifiyarki" sai hawaye ya zubo min. Amma na san a kan me aka gina shi. An ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere, ni nawa tsohuwa ce ta faɗa.

Yanzu masu raguna sun kai ƙara wurin mai gari, an sa zama ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Za a kira Habu. Ni ma an ce in zo, a matsayin wadda ta san kiwo, in faɗa wa dattawa ko haɗin nan ne ya kashe dabbobin, kuma ko wanda ya san aikinsa zai iya faɗinsa bisa kuskure. Jiya Gwaggo ta zo da sandarta ta ce, "Ɗiyata, ni ban iya magana gaban maza ba. Ke za ki tsaya min. Duk garin nan ke kaɗai na yarda da ke." In na ce haɗin kisa ne na yi shiru, ban yi ƙarya ba, Habu ya gama yawo, ba zai sake ɗaga kai a kasuwa ba, ni kuma sunana ya kafu. Kuma wallahi akwai wani ɓangare na zuciyata da ke jiran ranar nan kamar Salla, yana so in dube shi gaban dattawa in ce wannan kiwon lalube ne. In kuma na faɗi daga bakin wa maganar ta fito, na wanke wanda ya wulaƙanta ni da uwata, na rasa shafin, wataƙila har da aurena, kuma Gwaggo za ta san wadda ta aika wa cinya.

Har yanzu ban yafe wa Habu ba, kada ku ce in yafe, ban iya ba tukuna. Amma cinyar nan tana rataye a ɗakina, na soya ta na kasa ci, na kasa ba yarana, na kasa zubarwa. Allah ya isan Gwaggo kuma da bakina na ce mata amin. Saura kwana uku, kuma ta ce in biya mata mu tafi tare don in riƙe mata hannu a hanya.

Don Allah 'yan uwa, me zan yi?